Telan Lungun Makaranta

Kullum a lungun bayan makaranta wasu manyan yara biyu suke tare Auta, su fizge jakarta su jefa a kwata. Da ta gaya wa yayarta, yayar ta ce, "Ba kowa a lungun ne?"

"Akwai wani tela, amma ba ya ɗago kai daga keken ɗinki."

"To, ki sa ya ɗago."

Washegari Auta ta tsaya a ƙofar shagon. "Baba, sannu da aiki. Waɗancan ne suke jefar mini da jaka."

Keken ya tsaya. Tela ya zuba musu ido har suka sulale.

Ya ce, "Ina jin hayaniyarku, 'yata. Na ɗauka wasa kuke."

Tun ranar a bakin ƙofa yake ɗinki.