Maki Ɗaya Tak

Shekara tara Darlene Pruitt tana wasan ture a kan takalmin taya, ba ta taɓa cin maki ko ɗaya ba. Ba wai rashin iyawa ba ne. Duk garin Toledo na Amurka babu macen da ta kai ta tare hanya, in ta kafa ƙafafu ta ba mutum baya, sai dai ya haƙura. Amma a wasan nasu mata biyar-biyar ake sakawa a fili, ɗaya ce kawai mai cin maki, wadda aka ɗora wa ƙyalle mai tauraro a kan hular kwanonta. Ita ke kutsawa ta zagayo, duk abokiyar hamayyar da ta wuce maki ɗaya ne. Sauran huɗun katanga ne, su tare mai tauraron wancan ɓangaren, su buɗa wa tasu hanya. Ranar da Darlene ta fara zuwa, tana da shekara talatin da bakwai, koci Rhonda ta dubi faɗin kafaɗunta sau ɗaya ta ce, "Katanga." Tun daga nan ba a sake tayar da maganar ba.

To yanzu likita ma ya yanke nasa hukuncin. Gwiwar hagu ta gama aiki, ranar Talata za a yi mata tiyata, bayan nan kuma ita da taya sai ta motar 'yan makarantar da take tuƙawa. Wasan wannan Asabar shi ne na ƙarshe. Ba ta nemi walima ba, ba ta nemi fure ba. Maki ɗaya take so, ɗaya tak, ko don ta huta da bakin makanikan garejinsu, waɗanda duk Litinin sai sun tare ta da, "Darlene, nawa aka ci mana?" su kuma kwashe da dariya tun kafin ta amsa.

Tun da safe ranta a ɓace yake. An ce kowa ta zo ƙarfe tara a shimfiɗa layin fili a tsohon ɗakin ajiyar kafet ɗin da suke wasa, amma ita da Rhonda kaɗai suka zo. Mai ciwon gwiwa ce ta durƙusa a kan siminti mai sanyi tana jan igiya tana manna ta da tef, 'yan mata masu lafiyayyun ƙafafu kuwa sai sha ɗaya suka fara shigowa, kowacce da kofin kofi a hannu da uzurin dusar ƙanƙara a baki. Kamar ita ta sama ta biyo.

"Bar huci haka, kar ki narkar mana da tef," in ji Rhonda. Ta ciro wani ƙyalle mai ratsi ɗaya a tsakiya ta jefa mata. "Yau ke ce mai ratsi."

Darlene ta riƙe ƙyallen tana kallo. A cikin 'yan katanga, mai ratsi ce kaɗai doka ta yarda mai tauraro ta miƙa mata tauraron hannu da hannu ana tsakiyar wasa, daga nan ita ce mai cin maki har turmin, wato zangon wasa na minti biyu, ya ƙare.

"Wa za ta miƙo min?"

"Yesenia."

"Tabɗi! Ai sai ki ce min in je in kwanta. Yarinyar da ko ruwan sha ba ta miƙa wa mutum?"

Yesenia ce gwanar ƙungiyar, 'yar shekara ashirin da huɗu, ma'aikaciyar asibitin dabbobi, siririya, ga gudu ga baki. Shekara uku tana ɗaukar tauraro, ko an danne ta kamar ta shiɗe ba ta taɓa cire shi ta ba kowa ba. Tana can gefe tana ɗaure igiyar takalmi, ashe kunnenta na nan.

"Ina jin ki fa, Iya."

"Dama don ki ji na faɗa. Kuma ni ba iyarki ba ce."

"Zan ba ki. Ke dai ki tabbata kin san inda gaba take."

"Ina wannan filin kina 'yar sakandare, marar kunya."

Ƙarfe biyu na rana aka fara. Baƙin daga jihar Indiana suka zo, cikin baƙaƙen riguna, kuma tun turmi na uku kowa ya gane ba ziyarar zumunci ta kawo su ba. Mai tauraronsu wata doguwa ce mai suna Shawna, wadda ke bi ta tsakanin mutane kamar kifi a hannu. 'Yan kallo ba su fi ɗari da hamsin ba, mazaje da 'ya'ya da abokan aiki, zaune a kujerun ninkewa suna cin burodi da tsiren inji.

Sau uku Rhonda ta ce yanzu ne, sau uku abin ya watse. Na farko Shawna ta riga fita, ta ci huɗu, ta buga hannuwa a ƙugu, alamar ta tsayar da turmin, tun Yesenia ba ta ko numfasa ba. Na biyu alƙaliya ta hura wa Darlene usur wai ta sa gwiwar hannu. Gwiwar hannu! Matar da ta yi shekara tara tana koya wa sababbi su manne hannuwa a jiki. Ta zauna a kujerar horo daƙiƙa talatin tana tauna robar kare haƙoranta don takaici. Na uku kuwa Yesenia ta zo daf da ita, Darlene ta miƙa hannu har tana kaɗa yatsu, yarinyar nan ta hango wata 'yar kafa a gefen layi ta sulale abinta da tauraron a ka.

Da aka fito hutun rabin lokaci Darlene ta tare ta a bakin benci.

"Hannuna ne ba ki gani ba, ko makanta ta same ki?"

"Hanya na gani, Iya. Ƙafafuna ne suka tafi, ban ma sani ba."

"Ƙafafunki! Su ke da ke ko ke ke da su? Mutum da hankalinsa ya ce wai jikinsa ya yi abu bai sani ba. Son kai ne kawai, ki kira shi da sunansa."

Yesenia ta sunkuyar da kai tana murza tayar takalminta da yatsa. Hakan ma ya ƙara ƙular da Darlene, don ta shirya faɗa ne sosai.

Rabi na biyu bai zo da sauƙi ba. Baƙi suka yi nisa, tazarar ta haura maki tamanin, batun nasara ya fita daga lissafin kowa. Gwiwar Darlene ta kumbura har robar kariyar ta fara cin namanta. Da agogo ya nuna saura turmi ɗaya, Rhonda ta kama hular Yesenia da hannu biyu ta kalle ta ido cikin ido.

"Ki riga fita, ko ta halin ƙaƙa. In kin riga Shawna, ba ta da ikon tsayar da turmin. Ki zagayo ki ba ta. In kika sake wucewa da shi, ke za ki wanke banɗakin nan har bazara." Ta juyo kan Darlene. "Ke kuma da kin ɗora shi, mace ɗaya kawai za ki wuce. Taku uku ne. Ko jikata za ta iya."

Aka hura usur. Darlene ta kafa baya a ƙirjin Shawna ta riƙe ta ƙam, tana jin numfashinta a wuya. Can gaba Yesenia na ta fama da katangar baƙi, an tura ta waje ta dawo, an sake turawa ta sake dawowa. Sai da minti guda ya kusa cika ta samu ta fice, ita ce ta farko. Jim kaɗan Shawna ma ta zille ta bi bayanta.

Darlene ta waiga. Ga Yesenia ta zagayo kwana a guje, kuma abin mamaki, tauraron na hannunta, ta riga ta cire. Ta iso ta danƙa mata shi a tafin hannu har da matsewa.

"Ga shi nan, Iya! Tafi!"

Darlene ta ja ƙyallen ta rufa a hularta. Ɗakin ya ɗauki ihu. Wani alƙali mai rigar ratsi-ratsi ya matso daidai da ita, aikinsa kawai ya bi ta ya ƙirga mata maki. Saura daƙiƙa arba'in. Ga bayan baƙi huɗu a gabanta, na kusa ma in ta miƙa hannu za ta taɓa rigarta.

Sai ta ji ƙarar taya ta gefen dama.

Ta san wannan ƙarar ko a mafarki: mai tauraro ce ke tahowa ta layin waje. Ba ta yi tunanin komai ba. Ƙugunta ya sauka, kafaɗarta ta juya, ta yi wa Shawna wani irin duka mai tsafta wanda ya ɗaga ta daga ƙasa ya watsa ta wajen layi, har ta kusa faɗawa cinyar wani tsoho mai riƙe da lemo. Doka ta ce wadda aka fitar sai ta shigo ta bayan wadda ta fitar da ita, kowace 'yar katanga kuma ta san abin da ke biyo baya: ki ja da baya da gudu, ki ja ta nesa, ki ci mata lokaci. Darlene ta juya ta kama gudu baya.

Ihun ya ƙaru. Ta ji ana kiran sunanta ta ko'ina, Rhonda har tsalle take tana wurgi da hannuwa. Daɗi ya cika ta, ta ce a ranta yau dai sun ga aiki. Ta ƙara mai. Shawna na biye da ita ta wajen layi, tana haki, fuskarta cike da mamaki, har suka kusa rabin fili.

"Baiwar Allah," in ji Shawna, "ina za ki kai ni? Ke ce fa mai tauraro!"

Darlene ta taɓa kanta.

Wayyo. Ta juya da ƙarfin da gwiwar ta yi wata ƙara, ta kama gudu gaba, irin gudun da ba ta taɓa yi ba tun tana budurwa. Filin da ta cinye da baya cikin nishaɗi yanzu ya zama tafiyar yini. Tana hango Yesenia ta rungume aikin katanga, 'yar firit da ita, tana ture wata ƙatuwa don ta buɗa mata kafa. Darlene ta iso, ta cusa kafaɗa, kafaɗar ta wuce, ƙirji ya wuce. Amma da ƙugu ake ƙirga maki, nata kuwa yana baya da kamar faɗin tafin hannu lokacin da usur ya tashi sau huɗu, alamar turmin ya ƙare.

Ta dubi alƙalin nata. Ya ɗan jinkirta, kamar mai neman wata dabara, sannan ya nuna babu ko ɗaya.

Ta zube a kan siminti tana haki. Ranta ya ɓaci irin ɓacin da ba ta taɓa ji ba, ta ɗaga kai tana neman wanda za ta sauke wa. Ta dubi alƙali, gaskiyarsa. Ta dubi Rhonda, wadda ta rufe fuska da allon rubutunta. Ta dubi Yesenia da ke tahowa tana ɗingishi, leɓenta a fashe saboda turen da ba aikinta ba. Daƙiƙa arba'in cur aka ba ta, da taku uku. Duk faɗin ɗakin nan babu mai laifi sai mace ɗaya, ga ta nan zaune da tauraro a ka.

Yesenia ta durƙusa a gabanta. Darlene ta ɗaure fuska tana jiran gori, don ta san ta ci bashinsa, ta kuma shirya haɗiye shi.

Yarinyar ba ta yi gorin ba. Ta ce, "Shekara uku ina wucewa ta gefenki, ban taɓa tsayawa na ga abin da kike yi a bayana ba sai yau. Ashe haka kike musu?"

"Rufe min baki," in ji Darlene.

Ta kai hannu za ta cire tauraron ta mayar mata, Yesenia ta riƙe hannun ta hana. Nan fa kukan ya ƙwace mata, na takaici zalla, a gaban mutum ɗari da hamsin, ga 'yan ƙungiyoyin biyu sun jeru suna jiran ta tashi a yi zagayen gaisuwa, ita kuwa gwiwar ta ƙi ɗaukarta.