Kwalaben da Aka Rufe

Latifa ta faɗa ɗakin ko takalmi ba ta cire ba, sai ta tsaya cak. Kwalabenta na nan jere a kan tebur, amma an zare audugar da ke bakunansu, an ɗaure kowace tamau da leda da roba.

"Inna! Wa ya taɓa mini kwalabe?"

Hawa'u ta leƙo daga madafa tana goge hannu. "Ni ce, tun ranar da kika tafi Yawunde. A gidana mazubi ba ya kwana a buɗe. Auduga murfi ce?"

Na'urar girgiza kwalabe ta jami'a ce ta lalace, shi ya sa Latifa ta kwaso su gida. A cikinsu akwai ƙwayoyin bakteriya da ta sha wuya kafin ta tace daga ƙasar wani gareji a unguwar New Bell, masu cin baƙin mai. Jibi malaminta zai duba. In ruwan bai koma rawaya ba, alamar ƙwayoyin sun ci man, digirinta sai baɗi. Ga shi duk sun yi dishi-dishi kamar ruwan wanki.

"Inna, iska suke buƙata," ta ce. "Akwai wani sinadari a jikinsu, enzim, mai ƙwayar ƙarfe a tsakiyarsa. Ƙarfen ne ke cafko oksijin ya cusa a cikin man, sannan man ya farfashe. Babu iska, babu aiki. C'est fini, shi ke nan."

Hawa'u ba ta gane zancen ƙarfe ba, amma oksijin ta san shi sarai. Shi aka yi ta nema a asibiti ranar da mahaifin Latifa ya cika.

"Wato shaƙe su na yi?" ta tambaya a hankali.

Latifa ta shiga kwance ledojin ɗaya bayan ɗaya.

Tsohuwar ta duƙa ƙarƙashin tebur ta jawo wata ƙaramar kwalba. "Wannan kam, leda ce ta ƙare mini, na yafa mata tsohon kallabi."

Latifa ta ɗaga ta wajen taga. Rawaya ce, amma fa kaɗan, kuma kwalba ɗaya ba ta isa hujja ba. Sai dai za a iya sake shuka daga cikinta, in malamin ya yarda ya jira.

Hawa'u ta karɓe kwalbar, ta zauna a bakin ƙofa inda iska ke kaɗawa, ta yaye kallabin.

"Je ki roƙi malamin naki ya jira," ta ce, tana jijjiga ta a hankali. "Ni zan riƙe wannan."