Jakar Uban Amarya

Katin gayyata ya iso wa Murdo wata Talata cikin Afrilu, yana zaune a bakin ƙofa yana ɗinke ragar wani maƙwabcinsa. Tun da ya daina fita teku, gyaran raga ne sana'arsa a Ullapool. Sau uku ya karanta katin. Rhona, 'yarsa tilo, za ta yi aure a Inverness ƙarshen Yuni. A can ƙasa ta ƙara da rubutun hannunta: "Baba, don Allah ka zo."

Rhona na da shekara tara uwarta ta ɗauke ta suka bar gidan, kuma Murdo bai taɓa ganin laifin matar ba, don a lokacin bai san kowa ba sai kwalba. Yanzu shekara bakwai rabonsa da giya. Cikin shekarun nan ne Rhona ta fara ɗaga wayarsa, har takan leƙo shi sau biyu ko uku a shekara.

Kilt dai, wato siket ɗin gargajiya da mazan ƙasar ke ɗaurawa a biki, yana da shi, na mahaifinsa ne, yana naɗe a akwati asu bai taɓa shi ba. Abin da ya rasa shi ne siforan, jakar da ake ratayawa a gaban kilt ɗin. Nasa na aure tuni ya sayar ya shanye. Ya shiga shagon gwanjo na kusa da tashar jirgi ya samo mai araha, na baƙar fata lami, da murfi da tuntaye uku na fata.

Yayarsa Ishbel, wadda gidanta ke jikin nasa, ta shigo da tukunyar miyar kifi ta tarar da shi a kan tebur. Ta ɗaga shi da yatsu biyu.

"Wannan kuma fa? Kasuwar tumaki za ka?"

"Biki za ni."

"Da wannan? Haba Murdo! Ai na yawon rana ne. Uban amarya guda, a gan ka da jakar mai karɓar tikiti?"

"To ki saya mini mai azurfa mana, tunda bankin garin nan naki ne."

"Bakinka ne kaɗai bai tsufa ba," in ji ta, ta dire tukunyar ta fita.

Ba a jima ba ta dawo da abu biyu. Ɗaya fatar zomo ce mai ruwan toka, ta ɓanɓaro ta daga wuyan tsohuwar kwat ɗin mahaifiyarsu. Ɗayan kuma ƙarfen bakin jaka ne mai siffar jinjirin wata, da sarƙoƙinsa, na siforan ɗin marigayi mijinta Hector, wanda fatarsa ta daɗe da ruɓewa.

"In ka ɓata mini ƙarfen Hector, kai da miyata har abada."

Mako uku Murdo ya yi a kan aikin, kullum da hantsi, lokacin da haske ke faɗowa kan teburin kicin. Ya fara warware ɗinkin murfin ya cire shi, ya yanke tsofaffin tuntayen. Ya zana siffar gaban jakar a takarda, ya kifa fatar zomon, ya bi zanen da reza ta bayan fatar a hankali don kada ya datse gashin. Yankan farko bai yi ba, gashin ya kwanta a karkace maimakon ya kalli ƙasa. Ishbel ta gani ta ce ya yi kama da kyanwar da ruwa ya daka. Ya yi sa'a fatar na da saura. Ya sake yankawa, ya shafa gam, ya danne da tsohon dutsen guga har kwana biyu, sannan ya bi gefen da basilla da zare mai kakin zuma, ɗinki ƙanana a jere kamar yadda yake yi wa raga. Ƙarfen kuwa sai da ya yi kwana huɗu yana goge shi kafin zanen da ke jikinsa ya fito. Ya naɗe guntayen fata a kan toton kwalba ya yi sababbin tuntaye uku, ya rataya su da sarƙa.

Idan ya gaji da zama sai ya miƙe, ya lanƙwasa hannunsa na hagu kamar wani ya riƙe shi, ya taka a hankali daga bakin murhu zuwa ƙofa. Bai taɓa tambayar kowa ba. A ransa, uba ne ke riƙe hannun 'yarsa ya shiga da ita coci ya miƙa wa ango, kuma shi ne uban.

Saura kwana goma biki Rhona ta zo, ba ta ko yi waya ba. Ta tarar da shi yana ɗaure ƙarfen a bakin jakar. Ta ɗauka ta shafa gashin.

"Baba, kai ka yi wannan? Da hannunka?"

"Ni da surutun gwaggonki. Kin san ba zan shiga da ke coci ina kama da mai tallan kifi ba."

Ta ajiye jakar. Ta zauna, ya zuba mata shayi.

"Baba, abin da ya kawo ni ke nan. Ban so ka ji a waya ba. Alasdair ne zai shiga da ni."

Alasdair shi ne mijin uwarta. Shi ya koya mata tuƙi, shi ya kai ta jami'a da akwatunanta, shi ya zauna da ita a asibiti lokacin da aka yi mata aiki. Murdo ya san duk wannan, don daga bakinta ya ji.

"Eh mana," ya ce. "Ai shi ya kamata."

"Ba wai don ban..."

"Rhona, na ce shi ya kamata. Sha shayinki."

Ta fashe da kuka, shi ne ma ya koma yana ba ta haƙuri. Ya raka ta har mota, ya ɗaga mata hannu har ta sha kwana. Da ya dawo ciki ya tarar saura ƙusa ɗaya a ƙarfen. Ya ɗauka, ta kuɓuce. Ya sake ɗauka, ta sake faɗuwa ta gangara ƙarƙashin murhu. Ya durƙusa zai lalubo ta, sai ya kasa tashi. Nan Ishbel ta same shi, goshinsa a jikin ƙofar murhu. Ta ɗauko tsintsiya ta zaƙulo ƙusar, ta ɗaura ta da kanta.

"Ba zan je ba," in ji shi.

"Za ka je. Yarinya ta yi tuƙin awa ɗaya da rabi don ta faɗa maka ido da ido. Kai a shekarunta ko katin Kirsimeti ba ka iya aikawa."

Ranar biki aka zaunar da su a layi na uku. Mai busa ya fara, jama'a suka miƙe. Rhona ta shigo riƙe da hannun Alasdair, bakin mayafinta ya shafi gwiwar Murdo da za ta wuce. Da limamin cocin ya tambaya wa ke ba da wannan mace aure, Murdo ya ji bakinsa ya motsa, sai Ishbel ta matse masa hannu. Alasdair ya amsa.

A waje Alasdair ya nemo shi ya ba shi hannu, ya ce, "Murdo, na gode da ka zo. Da ba ka zo ba, da ba ta ji daɗin ranar nan ba." Da gaske yake, babu ko alamar gori a muryarsa, kuma wannan ya fi komai yi wa Murdo ciwo.

Ana shirin ɗaukar hoto Rhona ta rugo wurinsa, ta tattare rigarta da hannu ɗaya.

"Baba, rigar nan ba aljihu. Riƙe mini waɗannan, zan zo in karɓa."

Jan-baki ne da ɗan farin hankici. Ya buɗe siforan ya saka su, ya rufe.

Duk tsawon cin abinci yana zaune a teburin dangi na nesa, da kofin ruwa a gabansa, hannunsa ɗaya a kan jakar. Duk sanda Rhona ta miƙe sai ya gyara zama. Sau biyu ta nufo wajensu, ƙawaye suka tare ta. Alasdair ya yi jawabin uban amarya, ya ba da labarin ranar da ta faɗa kogi da kekenta tana shekara goma sha biyu, kowa ya yi dariya. Murdo bai taɓa jin labarin ba.

Wajen ƙarfe shida aka ture tebura, aka fara zagayawa da kwalabe. Wani dattijo ya ajiye masa kofi cike a gabansa, ya ce a sha don lafiyar amarya. Murdo ya dubi kofin, ya dubi Ishbel.

"Tashi mu tafi," in ji ta. "Motar ƙarfe bakwai ba ta jiran kowa."

Ya tsaya a bakin ƙofar zauren yana neman Rhona don ya mayar mata da kayanta. Tana tsakiyar fili, ango a dama, Alasdair a hagu, suna juyi tana dariya har da jefa kai baya. Ya ɗaga hannu, ba ta gani ba.

Motarsu ta wuce garin Garve, rana na nan a sama kamar yadda take daɗewa a ƙasar cikin Yuni, Ishbel ta ce, "Ka ba ta kayan?"

Ya girgiza kai.

"To gobe ka kai gidan waya."

"A'a," in ji Murdo. "Ta ce za ta zo ta karɓa."

Ishbel ta juya ta kalli taga.