Waya Ɗaya, Rami Biyu

Akwai mutanen da in suka ga abu a sake sai jikinsu ya hau ƙaiƙayi, kuma Kawu ne shugabansu. Biro ba murfi, durowa a ɗan buɗe, famfo na ɗiga, maɓallin rigar wani ma da ba tasa ba, duk sai ya bi ya rufe yana tsaki. Da wannan hali ya tashi daga shago mai ƙofa ɗaya har ya kai ga katafaren kantin kayan gini mai bene. Da shi kuma ya tsayar da kantin cak wata Litinin da safe.

'Yar ƙanwarsa ce ta yi masa aikin haɗa kwamfutocin kantin. A gidansa ta tashi bayan rasuwar mahaifinta, shi ya kai ta makaranta, don haka har gobe Auta yake ce mata, ma'aikata kuwa Injiniya. Ta sha wuya a aikin nan ba kaɗan ba. Ta ja waya ta cikin silin, ƙura a hanci, gwiwa a ƙasa, daga teburan masu ba da rasit zuwa sito, daga sito zuwa ofishin Manaja, har kyamarorin bakin ƙofa. Duk wayoyin suka taru a wani ɗan ɗaki ƙarƙashin matakala, inda ta kafa suwic a jikin bango.

Shi suwic ɗin akwatin ƙarfe ne siriri, gabansa jere da ramuka, kowane rami da 'yar fitilarsa. Kowace na'ura wayarta na shiga rami guda. Aikinsa na ɗan aike ne mai kai: yana haddace wace na'ura ke wane rami, saƙon firinta ya miƙa wa firinta, na sito ya miƙa wa sito. In kuwa saƙon na kowa da kowa ne, sai ya kwafa ya watsa ta duk ramukan, ban da wanda saƙon ya shigo ta cikinsa.

Ranar Asabar da yamma abu biyu suka rage mata: ta kunna tsaron da ke hana saƙo yin zagaye, ta kuma kulle ramukan da ba kowa a cikinsu. Tana durƙushe, ta jona kwamfutarta da suwic ɗin da wata waya rawaya, sai ga Kawu yana kaɗa makullai.

"Auta, tashi, rufewa zan yi."

"Kawu, saura kaɗan wallahi."

"Kayan na aiki ko ba sa aiki?"

"Suna aiki, amma..."

"To ki ajiye ammar nan, ki zo da ita Litinin."

Wa ya isa ya ja da Kawu da makulli a hannu? Ta zare wayar daga kwamfutarta, ta bar kai ɗaya a jikin suwic, ɗayan yana reto, ta fito.

Litinin tana hanya wayarta ta yi ƙara. Kawu ne, ko sallama bai yi ba.

"Auta, maza ki zo, kayanki sun mutu! Ba rasit, ba kyamara, ba komai. Wane irin aiki ne wannan? Har waya kika bari tana reto kamar jelar akuya, sai da na naɗe miki ita na soke a mazauninta."

"Kawu, wace waya? A ina ka soke ta?"

Ya riga ya kashe.

Ta tarar da kantin ya cika maƙil. Magina da direbobin tifa sun yi cirko-cirko, wani na ihu simintinsa yake jira tun ɗazu, leburori na can na cin kuɗin yini a zaune. Masu rasit sai danne-danne suke, kwamfuta ta ƙi motsi. Ta kutsa ta wuce ɗakin ƙarƙashin matakala. Fitilun suwic ɗin duk suna ƙiftawa tare, da sauri, ba mai jiran wata. Ga kuma wayar rawaya, an naɗe ta tsaf, an ɗaure da roba, kai biyun duk a soke, rami na kusa da rami. Kai, ko a kasuwa aka baje naɗin nan ta san hannun da ya yi shi.

Ta sa yatsu biyu ta zare kai ɗaya. Fitilun suka lafa, kowace ta koma ƙiftawarta. Daga waje ta ji firinta ta fara amai da rasit, masu jira suka ɗauki shewa.

Da nan maganar ta tsaya, da an yi dariya an watse. To amma akwai Manaja. Shi mutum ne da ke gano mai laifi tun kafin ya gano laifin, kuma tun farko bai so aka ba Injiniya aikin ba, yana da nasa mutanen. Ya tsaya a ƙofar ɗakin, ma'aikata sun taru a bayansa, Kawu ma ya sauko daga bene.

"Injiniya, a gaya mana. Me ya lalace?"

"Ba abin da ya lalace. Waya ɗaya aka soke kai biyu a jikin suwic. Saƙo ya fita ta wannan rami ya dawo ta wancan, suwic ya ɗauka sabo ne, ya sake watsawa, ya sake dawowa. Haka ya yi ta zagaye yana haihuwa har ya cushe hanya, saƙon kirki ya rasa ta inda zai wuce. Shi ke nan."

Ta faɗa a sake, har da murmushi, don ta ɗauka Kawu zai kwashe da dariya ya ce, "Af, ashe gyarana ne ya yi ɓarna." Ai ba wani abin kunya ba ne, kowa na iya yi.

"To wa ya soke?" in ji Manaja.

Ta dubi Kawu. Kawu ya dubi makullan hannunsa kamar yau ya fara ganinsu.

"Makullin ɗakin nan biyu ne," Manaja ya ci gaba, muryarsa har da zaƙi. "Ɗaya na wurin Maigida. Ɗaya na wurin Inna."

Kowa ya juya. Inna mai shara na tsaye can baya da bokiti da tsumma. Dattijuwa ce, tun kantin na ƙofa ɗaya take share shi. Mijinta ya daɗe a kwance, ɓarin jiki ya shanye, sharar nan ita ce cinsu, ita ce maganinsa, kuma duk wanda ke wurin ya san haka.

"Ni?" Ta ajiye bokitin. "Wallahi ko ƙurar akwatin ban goge ba. Injiniya ta ce kar in taɓa, ban taɓa ba."

"To aljani ne ya shiga? Ko Maigida kike so ki ce?"

"A'a, ni ban ce ba, ni wace ce..."

Injiniya na jira. Tana cewa a ranta yanzu Kawu zai yi magana, yanzu. Ya kuwa yi.

"Karɓi makullin," Kawu ya ce wa Manaja. "Ta ƙarasa yau. Gobe kar ta zo."

Ya juya ya hau bene abinsa, ko tuntuɓe bai yi ba. Innalillahi! Mutum da furfurarsa, da bakinsa ya faɗa a waya ko awa ba a yi ba! Ran Injiniya ya ɓaci, ɓacin da ba ta taɓa ji a kan Kawu ba. Ta bi shi sama, ta tura ƙofar ofis, ta rufe don kar a ji.

"Kawu, kai ka soke wayar nan."

Yana jera biro a tebur, bai ɗago ba. "Na sani."

Da musu ya yi, da ta fi samun abin riƙewa. "Ka sani? Ka sani kuma ka kore ta?"

"To so kike in yi yaya? In tsaya gaban yarana da 'yan tifa in ce ni ne na kashe kantina da hannuna? Gobe wa zai ji maganata? In na ce kar a taɓa kaya, su ce wa ya fi ka taɓawa?"

"Amma Kawu, mijinta..."

"Zan sa a ba ta wani abu ta riƙe. Ni ba azzalumi ba ne."

"Wani abu na kwana nawa? Kawu, wallahi wannan zalunci ne."

Sai a nan ya ɗago. "Auta, ni kike gaya wa haka? A ofishina? Buɗe ƙofar nan ki fita, ki ja min ita."

Ta fita ta tsaya a kan matakala. A ƙasa Inna na kiciniyar kwance makulli daga bakin zane, ƙullin ya ƙi, Manaja ya miƙa hannu yana kallon agogo. Masu rasit da Inna ke wanke wa kofin shayi kullum duk sun duƙufa a kan kwamfuta, wai aiki ya yi musu yawa.

Injiniya ta auna abin a ranta. Ta buɗe baki ta ce Kawu ne? Kafin ta isa gida labari ya riga ta wurin mahaifiyarta, a ce yarinyar da ya riƙa ta tsinka shi a bainar jama'a. Wannan ma da sauƙi, za ta iya haɗiyewa. Abin da ya fi shi ne ta san Kawu: in aka kunyata shi a kan Inna, ba zai ƙara son ganin fuskar Inna ba har abada. Yau zai mayar da ita don idon mutane, wata mai zuwa ya samo wani dalilin. Laifin nan dole sai ya sami mai shi, kuma Kawu ya riga ya ce ba nasa ba ne.

Ta sauko. "Manaja, bar mata makullinta. Ni na soke wayar."



"Ranar Asabar ina gwaji, aka zo rufewa, na yi sauri na manta ban cire ba. Tsaron da zai hana haka ma ban kai ga kunnawa ba. Inna ba ruwanta."

Rabin maganar gaskiya ce, rabin kuwa sai da ta ji ɗacinta a harshe. Manaja ya washe baki kamar an yi masa kyauta. Kafin ya ce wani abu, sai ga takun Kawu a matakala. Ashe yana tsaye yana ji. Ta ɗaga kai ta dube shi ido cikin ido, tana tsammanin ko kunya za ta kama shi, ko ya ce a bar maganar haka.

Ina! Hannu biyu ya sa ya karɓa.

"Kun ji ko?" ya ce da jama'a. "Shi ya sa nake son yarinyar nan. Ba ta ƙarya. Tarbiyyata ce." Ya juyo gare ta ya murtuke fuska. "Amma Auta, aiki ba wasan yara ba ne. Dubi asarar da kika jawo min da safen nan. Dubi baiwar Allah nan da kika kusa sa na zalunta. Da ban da Allah ya sa ina da haƙuri..."

Ya yi ta yi. Ya yi wa'azin kula, ya yi wa'azin ganganci, ya kawo misalin yadda shi bai taɓa barin abu a sake ba tun yana saurayi. Wani direba har yana gyaɗa kai yana cewa, "Gaskiya ne, Maigida." Manaja ya sako baki cewa aikin sabon reshen da za a buɗe gara a kira ƙwararru, Kawu ya ce a kira. Ita dai tana tsaye, ta cije leɓe har ta ji gishirin jini. In da za a tsaga ƙirjinta a lokacin, hayaƙi ne zai fito.

Inna kuwa ta zube a gaban Kawu. "Na gode Maigida, Allah ya ƙara girma, Allah ya raba ka da sharrin masu sharri." Shi kuma yana cewa, "Tashi, tashi, ba komai, na yafe." Ya yafe! Shi ne ma mai yafewa.

Injiniya ta koma ɗakin ƙarƙashin matakala, ta zauna a kan kwali, ta jona kwamfutarta. Ta kunna tsaron. Ta bi ramukan da ba kowa tana kullewa ɗaya bayan ɗaya, tana buga madannai kamar su suka yi mata laifi. Yanzu ko waya goma mutum ya naɗe ya soke, suwic ba zai kula shi ba. Hawaye ya taru mata, ta hana shi zuba, don ba na tausayi ba ne, na takaici ne zalla.

Ƙarar bokiti ta ji a bakin ƙofa. Inna ce, makulli ya koma bakin zane, idonta har yanzu jajir. Injiniya ta gyara zama, ta shirya cewa ba komai Inna, kar ki damu.

Inna ta dube ta sama da ƙasa, ta girgiza kai.

"Ke 'yar nan, ki ji tsoron Allah. Kina tsaye ana zagina, ana kwance min makulli, kin san ke kika yi, kika yi shiru sai da kika ga dama. Da ban da Maigida mutumin kirki ne, da yau kin raba ni da abincina. Ki riƙa kula da aikinki, ba kowa ke da kawun da zai rufa masa asiri ba."



"To, Inna. Zan kula."

"Ya dai fi miki. Ɗaga ƙafarki in goge."

Ta ɗaga.