Agogo Mai Lokacin Gida

Ana gobe za ta tashi zuwa ƙasar waje, Auta ta je shagon mahaifinta mai gyaran agogo don yi masa sallama. Ta tarar ya manna hotonta na kammala digiri a ƙofa, duk wanda ya kawo gyara sai ya sha labari.

"Injiniya ce fa! A bencin nan ta koyi riƙe sukundireba."

Da mutane suka watse, ya ɗaura mata wani tsohon agogo a hannu.

"Baba, can sun riga mu da awa shida. Saita mini shi da lokacinsu mana."

"Ba zan taɓa shi ba. Wayarki ta ishe ki."

Nan ta faɗa masa abin da ke cin ranta: a garin da ba a jin kiran salla, anya imaninta zai tsaya da ƙafarsa?

Ya ajiye tabarau, ya harare ta.

"Allah na nan shi ne na can. Idan agogon nan ya nuna biyar na asuba, ubanki na kan darduma yana kiran sunanki. In kin iya, ki bar ni in roƙa ni kaɗai."