Hayaƙin Bandar Mairam

Tarin Baba Ari mai goge ya sake ƙetaro danga, Mairam ta ajiye tarwaɗar da take juyawa a murhun banda. Shekara talatin hayaƙin kifinta na shiga ɗakinsa ta 'yar taga, shi kuwa kullum sai ya leƙo ya ce ita ce ajalinsa. Da wasa yake faɗa, amma da ciwon ƙirji ya kwantar da shi, maganar ta hana ta sukuni. Tsoronta kada ya tafi ya bar ta da alhakinsa.

Ta yafa gyale ta shiga gidansa. Matarsa Aisa na masa fifita, gogen na rataye a bango, ƙarƙashin tagar. Daga Haɗeja har Birniwa ba wanda bai san muryar gogen nan ba. Makaɗa sun gwada irin ƙwaryarsa, sun nemo fatar guza da izgar doki mai kyau, nasu dai sai kuka kamar akuya. Masunta suka ce aljanun kogi ne. Har Baturen Di'o ya taɓa jujjuya shi da tabarau a hanci, ya tashi bai gano komai ba.

"Baba Ari, gafara na zo nema," in ji Mairam. "Hayaƙina ne ya cinye maka ƙirji."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ke dai ba ki da wayo, Mairam. Shekarar da ruwa ya ci gari kika yi wata uku ba banda, kin ji na yi wasan goge ko sau ɗaya? Fatar ta saki, gogen ya dishe. Hayaƙinki ne muryarsa."

"To masifar da kake min fa?"

"In na gode miki a fili, ai kowane makaɗi sai ya tare a gindin dangarki. Da ke na ci abinci, da ke na aurar da 'ya'yana. Ni zan ce ki yafe."

Mairam ta yi kuka, na daɗi da na baƙin ciki a haɗe, ta ce ta yafe duniya da lahira.

Da la'asar ya cika. Bayan an kai shi, Aisa ta sauke gogen za ta naɗe a zane. Bangon duk ya yi baƙi, sai gurbin ƙwaryar kaɗai, jan ƙasa kamar ranar da aka yaɓe shi.