Lallen Umma a Cikin Duro

Ummata Saudatu ba ta dasa komai a ƙasa. A unguwar Ammariyya aka haife ta, ubanta ma nan Jidda ya buɗe ido, amma har yau iƙama, takardar zaman baƙi, ce a jakarmu kamar waɗanda suka sauka jiya. Gidajen haya kuwa mun sha su. Shi ya sa bishiyar lallenta take cikin rabin duro, duk sanda aka ce mu tashi sai a kinkime ta a ɗora a mota.

Wallahi abin yana ƙona min rai. Yayana Muath ya taɓa neman hanyar da za mu mallaki ko ɗan ƙaramin gida. Dillali ya ji Larabcinsa a waya, ya ce, "Halas, zo ka gani." Da ya ga fuskarsa, wai an riga an sayar. Umma ta ce, "To, ka ga amfanin duro."

A unguwar Madain Fahd muka fi daɗewa. Lallen ya yi ganye shar, har amaren unguwa ke aikowa a tsinko musu. Ina tsokanarta, "Umma, me kike ba shi ne, madara?" Sai ta yi dariya ta ce hannu ne.

Bana mai gidan ya ce ɗansa zai yi aure, mu ba shi wuri. Ranar tashi Muath da direban motar kaya suka kama duron. "Yalla!" Ko motsi. Suka sake, shiru. Muath ya durƙusa ya leƙa.

"Umma, gindin duron ya ruɓe. Saiwa ta shige ƙasa, ta yi kaurin hannuna."

Ashe shekarun nan ba mu muke ciyar da shi ba.

Direba ya ɗauko zarto. Muath ya ce in an yanke saiwar, da wuya lallen ya rayu. In an bari, ya zama na mai gida. Ni dai na ce a yanke, namu ne, gara ya mutu a hannunmu da a bar wa wanda ya kore mu.

Umma ta daɗe tana shafa ganyen. Sannan ta ture zarton, ta zuba wa lallen sauran ruwan buta.

"Ku bar shi," ta ce. "Duk zuriyarmu shi kaɗai ya samu wurin zama."